Gyaɗa a Gaban Alƙaliya

Cheras, Kuala Lumpur
Yuli, 2021

Mama,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya ƙafar taki, da mutanen gida a Bukuru?

Kada hankalinki ya tashi. Korona ta kama ɗanki Jerry, yana asibiti, an hana ni shiga. Idan ya samu numfashi yakan turo saƙo, amma duk tambayarsa a kan Gyaɗa take, ɗan karen nan nasa, irin ƙananan da ake kira teriya. Tun da aka rufe gari yake shirya shi don gasar karnuka. Kullum sai ya ɗora shi a tebur, ya duba haƙora, ya auna tsayin kafaɗa, ya tsige gashin da yatsu. Ana ta ɗaga gasar, shi kuwa bai fasa ba. Ki sa mu a addu'a.

'Yarki,
Christy

Cheras
Satumba, 2021

Mama,

Ina gaishe ki. Yaya ƙarin haƙuri? Ki yafe mini, na kasa ɗaga wayarki. Daga nesa suka bar ni na tsaya ranar jana'iza, ko fuskarsa ban gani ba.

Kin ce in dawo gida. Zan dawo, amma ki ɗan ba ni lokaci. Jerry ya riga ya sa sunan Gyaɗa a gasar, ina so in kai shi in an buɗe.

'Yarki,
Christy

Cheras
Yuni, 2022

Mama,

Ina fata kina lafiya, ke da su autanki Nahum.

An yi gasar ranar Asabar. Alƙaliyar wata dattijuwa ce 'yar Sin, sanye da takunkumin fuska. Ta buɗe bakin Gyaɗa, ta duba yadda kunnuwa suka kwanta, ta bi bayansa da tafin hannu daidai yadda Jerry yake yi. Nan na fara kuka. Ta jira har na share fuska.

Mu muka zo na ƙarshe. Daga baya ta yi mini bayani a hankali: ƙa'idar irinsu gashi mai kaushi ne, nasa kuwa ya yi laushi don da almakashi nake rage shi. Ya kuma yi ƙiba. Gaskiyarta, Mama. Duk abincin da na kasa ci, shi na riƙa bai wa. Aikin ɗanki a hannuna ya lalace.

Na sayi tikiti. Wasu mutanen cocinmu a Sri Petaling sun karɓi Gyaɗa jiya. Na zaci zai yi gardama, sai kawai ya shige motarsu da gudu yana shinshina kujeru, ko waiwayo bai yi ba. Ban ga laifinsa ba. Dama ba ni yake nema ba.

A turo Nahum ya tare ni a Abuja. Ina tafe da akwatin Jerry.

'Yarki har kullum,
Christy