Ranar da Cindo Ya Canza Kalmar Sirri

Gadarif, 9 ga Maris, 2013

Yaya Jidda,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar Inna? Ki gaishe ta, ki ce mata ina cin abinci sosai.

Aikin nan ya kammala. Kamfanin riɗin da ya ɗauke mu, ni da Cindo ɗan Baba Sale, yana son manhajar da za ta riƙe masa bayanan abokan ciniki. Saboda takunkumi ba a sayar wa Sudan irin ta kuɗi, sai na samo ta kyauta, wadda kowa ke da damar gyarawa, na ɗora ta a babbar kwamfutarsu mai Linux. Sati uku ina fama kafin Larabci ya daina fitowa a birkice.

Ranar Lahadi Cindo ya nemi kalmar sirrin shiga kwamfutar, wai ko da ba na nan. Na ba shi, ai ɗan'uwana ne. Washegari na zo shiga, ta ƙi buɗewa. Na tarar da shi yana nuna wa mai kamfanin aikin a matsayin nasa. Mutumin ya dube ni ya ce, "Malesh ya zol," wato in yi haƙuri, "injiniya ɗaya ya ishe mu." Cindo ko ɗago kai bai yi ba.

Kada hankalinki ya tashi, wani mai gyaran waya a kasuwa ya ba ni wuri. Ki dai rufa mini asiri a gida, kuma ki sa ni a addu'a. Har yau ɗakinmu ɗaya, kwano ɗaya muke sa hannu.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninki,
Tukur