Ƙusar da Ke Bangon Falo

Maigida,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, ƙafar nan kuma ta daina kumburi. Mu lafiya lau, in ka cire zuciyata.

Auta ta sami aiki a babban gidan wankin da ke bayan tasha. Kada ka yi saurin murna. Hukuma ta fito da tsari: duk wanda ya ɗauki matashin da bai gama sakandare ba, za a biya masa rabin albashin har shekara guda. Tun daga nan ba mai kallon wanda ya gama. Shekara biyu 'yarka tana yawo da kwafin takardarta a leda, ana ce mata ta dawo gobe. Ranar Litinin ta ce wa manaja a aji uku ta tsaya. Nan take ya nuna mata teburin guga.

Yanzu jami'i zai zo gida ya tabbatar, kuma ni zan sa hannu cewa ba ta gama ba. Ni da na yi mata bitar kowane littafi har na fi malaminta sanin sa! Tana roƙona in sauke takardar daga bangon falo.

Ban ƙi tsarin ba. 'Yar mai kayan miya, wadda ba ta iya rubuta sunanta, ta samu, na kuma yi mata barka. Amma wanda ya tsara shi bai taɓa bin layin neman aiki ba.

Ba zan sa hannu ba.

Matarka,
Uwar Auta

Maigida,

Ina gaishe ka, ina tambayar ƙafa.

Jiya jami'in ya zo. Da safe na ga ƙunar dutsen guga a hannun Auta, tana ɓoye ta, tana kuma rera waƙa. Rabon da in ji muryarta haka, tun ranar da sakamako ya fito. Na hau kujera na sauke takardar.

Mutumin ya ga ƙusa da gurbin da fenti bai koɗe ba, ya tambayi abin da ke wurin a da. Na ce kalanda. Na sa hannu. Ya yaba kyan rubutuna, ya ce kaico da yarinyar ba ta gado ni ba. Auta tana tsaye riƙe da ruwan da ta kawo masa. Ba ta zubar da ko ɗigo ba.

Takardar tana ƙarƙashin katifa, ta gefenka. In ka dawo, kada ka kuskura ka rataya hularka a ƙusar nan.

Allah ya dawo da kai lafiya.

Matarka,
Uwar Auta