Jan Zare a Kofunan Gishiri

Karaye, 6 ga Mayu

Aminina Malam Lado,

Assalamu alaikum. Gaisuwa ta zumunci, da fatan kai da iyali kuna lafiya. Yaya ƙafar Goggo? Yaya Rogo da shirin damina?

Ɗanka Suhaibu ya zauna daram. Ɗakin sorona ya ishe shi, matata Rekiya kuma ba ta barinsa da yunwa. Yara sun karɓi darasinsa na Bayoloji, ni kuwa ina ɗakin gwaji inda ka san ni shekara ashirin da huɗu, ina wanke kwalabe ina shirya wa malamai kaya.

Mako mai zuwa baƙi za su zo daga ofishin shiyya su ga koyarwarsa. Na ba shi shawarar gwajin osmosis, don bai taɓa ba ni kunya ba. A fere dankalin turawa, a yanka tsawo ɗaya, a jiƙa wasu a ruwa zalla, wasu a ruwan gishiri. Bayan awa guda na ruwa zalla ya sha ya yi tauri, na gishiri kuwa ruwan jikinsa ya fita, ya yi laushi.

Ya tambaye ni me ya sa nake ɗaura jan zare a kofunan gishiri. Na gaya masa abin da ko Rekiya ba ta sani ba: yanar ido ta fara rufe min gani, ƙananan rubutu sun fi ƙarfina, da zaren nake ganewa. Shekara biyu ta rage in yi ritaya da mutuncina. Ya yi alkawarin maganar ba za ta fita ba. Kai ma ka riƙe.

Naka,
Barau

Karaye, 15 ga Mayu

Malam Lado,

Bayan sallama da tambayar lafiyarku, ka yi haƙuri da abin da za ka karanta.

Ranar Talata na haɗa ruwa, na jiƙa dankali, na tafi ɗauko wa baƙi kujeru. Kafin in dawo Suhaibu ya tsinke zarurrukan, wai ƙauyanci ne a gaban manya, ya manna takardu masu suna. Garin sauri ya juya su. Da aka tsamo dankalin, na kofin da aka rubuta gishiri ne ya fito da tauri, na ruwa zalla ya langaɓe. Ya gama yi wa yara bayanin akasin haka. Aji ya kwashe da dariya.

Kuskure ne kawai, Lado. Da ya ɗanɗana ruwan ya mayar da takardun, da an wuce wurin. Amma da babbar baƙuwar ta tambaye shi abin da ya faru, sai ya nuna ni. Ya ce ni na manna takardun, kuma a yi min uzuri, idona ya mutu, na daɗe ina ɓoyewa. A gaban yara hamsin. Ina tsaye da kujera a hannu.

Na ajiye kujerar. Da na buɗe baki, ɗanka zan ƙaryata a ranar da ake auna aikinsa. Shugaban makaranta ya ce in kawo takardar likita.

Ka gaida Goggo.

Barau

Karaye, 30 ga Mayu

Aminina,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, na gode. Kada ka taso, kada kuma ka yi masa baki. Ba don haka na rubuto maka ba.

Wata ɗaliba, Radiyya, ta je da kanta ta shaida wa shugaba ta ga wanda ya tsinke zaren. Ya kira Suhaibu ya yi masa faɗa a ofis. Amma likita ya riga ya rubuta abin da ya gani, gaskiya kuma ya rubuta. An cire ni daga ɗakin gwaji, an mayar da ni kula da sito. Rekiya a bakin maƙwabta ta ji zancen idona, kwana uku ba ta yi min magana ba. Bayan salla za a yi min aikin ido a Kano.

Jiya na miƙa wa Suhaibu mabuɗin ɗakin gwaji da hannuna. Na ɗan tsaya, ko zai ce wani abu. Ya karɓa, ya tambaye ni inda nake ajiye gishiri. Na gaya masa.

Ɗakin soro nasa ne, albarkacinka, tuwonsa ma ba zai yanke ba. Amma na daina kiransa ɗana. Malam Suhaibu nake ce masa yanzu, kamar kowa.

Allah Ya bar zumunci.

Amininka,
Barau Tudun Kaya