Fentin Jitar Maigida Ya Tsage

Ilinca 'yata,

Ya kike, ya ƙafar babanki? Ni lafiya lau nake a Bologna, ciwon bayan nan ne dai, shi ma da sauƙi. Ki aiko min man zafi ta direban bas.

Ke, na ga tashin hankali! Tsoho Ermanno da nake wa aiki, kin san yana tara tsofaffin jita na lantarki, masu rami a ciki. Na buɗe tagar ɗakinsu ya sha iska, washegari na ga wata jar jita a cikinsu duk fentinta ya tsattsage kamar faso. Na ce shi ke nan, sanyi ya ɓata ta, korata zai yi, karatunki ya tsaya. Abinci ma kasa ci na yi.

Da na faɗa masa ina kuka, dariya ya yi har da tari. "Viorica, tsagewar nan ta girme ki! Ita masu saye suke nema. Wanda ya shafa mata mai, shi zan kora."

Na ce, "Wa zai yi haka, maigida?" Alhali kwalbar man goge katako tana aljihuna.

Allah ya yi miki albarka.

Mamarki,
Viorica