Tsohon Mai Jita Ya Dawo, Alhassan

Zuwa ga aminina Alhassan,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar girma, tare da fatan jiki yana sauƙi, iyali kuma suna lafiya a Kumasi. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya mayar da kai gida ka daina ɗaga wayata. Shi ya sa na rubuto a wannan shafi, inda na san 'yarka Rabi za ta gani ta karanta maka.

Ranar Asabar na je na ga mutanenka.

Kai ka fara kai ni wajensu, lokacin kana tuƙin bas a unguwar Edmonton, nan London, ni kuma sabon zuwa ne gidan rediyo. Ka ce wasu dattawan Amurka ne da ba su taɓa kaɗa waƙa iri ɗaya sau biyu ba. Na tsaya ina jiran waƙar farko ta ƙare, ta ƙi ƙarewa. Da ka ga ina duba agogo, sai ka ce da Hausarku ta zango, "Waƙa ya tafi yawo, bar shi ya dawo da kansa." Kafin a tashi na manta da agogon.

Ka san mai jitarsu ya kwanta bara, ciwo irin naka. Kowa ya ce shi ke nan. Da na ji za su zo London na yi booking ɗin tikiti ba tare da sa rai ba, don na ɗauka za a yi cancel, a fasa wasan.

A wani fili aka yi, da la'asar sakaliya, hadari ya haɗo. Mai ganga ne ya riƙo mai jitar har bakin kujera. Ya rame, Alhassan. Hannunsa na hagu ya ɗaga shi ne da na dama ya ɗora a wuyan jitar. Wata tsohuwar Baturiya da ke gefena ta rufe fuska, ta kasa kallo.

Suka ɗauko waƙar nan da kake sakawa a flat ɗinka duk Lahadi. Da aka zo inda yake sakin yatsu da gudu, sai yatsun suka ƙi. Ya taɓa tsirkiya ɗaya, ya tsaya. Filin ya yi tsit, har ana jin jirgin ƙasa yana wucewa daga nesa.

Babu wanda ya yi gaggawar rufa masa asiri. Mai fiyano ya maimaita sautin nan guda, a hankali, ya jira. Tsohon ya ƙara biyu. Mai ganga ya ajiye sanduna ya koma bugawa da tafin hannu. Haka suka bi shi, su duka, suna tafiya daidai tafiyarsa, har wani sabon kiɗa ya tashi wanda ban taɓa ji ba, su ma na tabbata ba su taɓa ji ba. Ruwa ya sauko. Ban ga wanda ya buɗe lema ba. Na ji bakina yana ta faɗin Allahu Akbar, ban san lokacin da na fara ba.

Na ga wasansu lokacin da yake da cikakken ƙarfi, tare da kai. Wallahi wannan ya fi.

Da suka gama ya yi ƙoƙarin miƙewa, ya kasa, ya yi dariya, ya ɗaga mana hannun nan mai ciwo.

Rabi ta gaya mini ba ka son a ji yadda harshenka ya yi nauyi. Ɗan'uwana, ni ba sauri nake ba. Ka faɗi kalma ɗaya, zan jira ta biyu. Ko shiru ka yi, zan zauna a kan layi.

Allah Ya ba ka lafiya, Ya sa kaffara ne, Ya saka wa Rabi da mahaifiyarta da alheri. Allah Ya sake haɗa fuskokinmu.

Zan kira ranar Juma'a in na fito masallacin Regent's Park. Ka ɗaga.

Naka har kullum,
Sanusi, Lewisham