Na Kasa Yi Wa Shugabanni Addu'a

Anti Murja, don Allah ki taimake ni. Na rasa wanda zan faɗa wa wannan magana bai ce na yi saɓo ba.

Ni Kirista ce, Ibo, amma a Daura aka haife ni. Mijina Chimaobi kayan gyaran mota yake sayarwa. Shekara biyu ke nan, yana dawowa daga Kongolam a kan babur, ɗan wani mai muƙami ya banke shi da mota, da rana tsaka, a gaban mutane. Ƙashin bayansa ya taɓu. Har yau ni ke juya shi a kan gado, ni ke masa wanka.

Maƙwabcinmu Malam Harisu, malamin firamare, a kan idonsa aka yi. Shi ya ƙarfafa mini gwiwa na kai ƙara kotu, ya ce yanzu da Shari'a ta zo babu babba babu yaro. Ya je ya ba da shaida. Ba a yi wata ba aka mayar da shi wani ƙauye can bayan garin Babban Mutum. Takardun ƙarar kuma aka ce sun ɓace. Uban yaron bara ma aka ƙara masa girma.

Amma ba wannan ne ya sa na rubuto ba. Ina koyar da yara a coci ran Lahadi, na san Littafi Mai Tsarki daidai gwargwado. Yanzu da na buɗe sai kaina ya ɗaure. Wani wuri ya ce duk mai mulki Allah ne ya ɗora shi, a yi masa biyayya. Wani wurin kuma Allah da kansa yana cewa mutane sun naɗa sarakuna ba da yardarsa ba. Nan an ce mugu ba zai kai rabin kwanakinsa ba, can ga wani bawan Allah yana kuka wai mugaye suna tsufa cikin daɗi, 'ya'yansu suna ta rawa. Wanne zan riƙe? Na ƙarshen dai shi nake gani kullum yana wucewa ta ƙofar shagonmu da ke rufe.

Fasto ya ce in yi haƙuri, har ya sa ni in jagoranci addu'a domin shugabanni. Na tsaya gaban jama'a, bakina ya ƙi buɗuwa. Chimaobi yakan roƙe ni in karanta masa, sai in ce idona ke ciwo. Ƙarya nake yi. Ina jin bangaskiyata ta mutu, ni ce dai na ƙi faɗa.

Taki,
Mai Jinya, Daura

'Yar'uwa Mai Jinya,

Sannu, sannu da ɗawainiya. Ni Musulma ce, ba zan yi miki fassarar littafinki ba. Na kai wasiƙarki wurin wata tsohuwar ƙawata Kirista, ta karanta. Daga baya ta ce masu wannan kukan a littafin ba a kira su marasa bangaskiya ba, kukan nasu ma aka adana. A fahimtarta, umarnin biyayya yana magana ne a kan abin da aka kafa mulki dominsa, kukan kuma a kan abin da mutane suka mai da shi. Ta ce wannan bai share mata hawaye ba, ban kuma sa ran zai share miki ba.

Ba zan ruɗe ki ba. Mai yiwuwa ƙarar nan ba za ta tashi ba, mai muƙamin kuma ya tsufa lafiya lau. Duk da haka ki tattara takardun asibiti, ki nemi lauyoyin da ke taimakon marasa ƙarfi a Katsina, ki ji ta bakinsu. Kada ki sake sa Malam Harisu a gaba sai da yardarsa, ya riga ya ɗanɗana.

Fastonki ba mugunta ya yi ba, amma ya ɗora miki kayan da ba naki ba yanzu. Ki same shi ki ce a ba wani wannan addu'ar. Mijinki kuwa ki daina ce masa ido ne. Yana kwance, amma ya san ki. Ki karanta masa wuraren kukan nan, wataƙila tambayar da ke cin ki ta fi cin sa.

Sannan ki roƙi matan cocinku su riƙa karɓar ki jinya ko da yini ɗaya a mako. Shekara biyu ba hutu, kowa zuciyarsa za ta bushe.

Allah ya ba Chimaobi sauƙi, ke kuma ya ba ki ƙarfin gobe.

Anti Murja