Na Samu Mai Taka Mini Birki

Tawa, farkon kaka.

Zuwa ga 'yata Godiya,

Bayan gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Ishaya da yara. Allah ya tsare ku a Yamai, ya sa albarka a aikinku. Ni kam sai godiya. Gwiwoyin suna nan yadda kika bar su, maganin da kika aiko kuma ina sha in ban manta ba. Damina ta yi kyau bana, sabon hatsi ya fara shigowa kasuwa. Na zaɓi in rubuta da hannu domin a waya kina sauri, ni kuwa kunne ya yi nauyi, sai in yi ta cewa to, to, ban faɗi tawa ba.

Maganarki ta in sayar da mota, in rufe gida, in koma wurinku, na juya ta ƙwarai. Kin ce abin da ke damunki shi ne in na faɗi a tsakar gida ba wanda zai sani. Yanzu zan ba ki amsa. To, ga abin da ya faru.

Motar ta jima tana kuka ta baya duk sa'ad da na taka birki, ƙarfe na cin ƙarfe. Wata Lahadi ina dawowa daga sujada, a gangaren nan na kusa da gida, saura ƙiris in taɓa jakin mai ruwa. Na san plaket ɗin baya ne suka cinye, wato 'yan ƙarafan da ke matse ƙafar mota ta tsaya. Na sayo sababbi, na ce da kaina zan sa su kamar yadda na saba. Na jawo ta inuwar itacen bedi, na tokare ƙafafun gaba da duwatsu, tunda aikin baya sai an saki birkin hannu. Kusoshin ƙafa suka ƙi kwancewa. Na hau kan kile, ƙarfen kwance kusa, da dukan nauyina, sai na tarar nauyin nawa ma ya yi ritaya. Sai da na ƙara masa bututun ƙarfe. Aikin da a da nake gamawa kafin rana ta take, yanzu ya ci mini kwanaki, ina yi ina komawa tabarma. Amma na sa su, kuma sun zauna daidai.

Sai dai wajen aikin iska ta shiga hanyar man birki, in an taka ƙafa ta nutse har ƙasa. Fitar da iskar nan aikin mutum biyu ne, ɗaya a kujera yana takawa, ɗaya a ƙasa yana buɗe 'yar kusa yana rufewa. Kin san mai zama a kujerar. Marigayiya mahaifiyarki Rut ba ta taɓa tuƙa mota ba, amma ba wanda ya kai ta iya takawa da riƙewa da saki, tana yi tana tsintar wake a cinya. Na shiga ƙarƙashin motar, na ɗaga murya na ce a taka, kafin in tuna. Na daɗe kwance a wurin, ban motsa ba.

Ba zato na ji an kama ƙafafuna ana ja da ƙarfi, ana salati. Ashe Alƙasum ne, maƙwabcinmu na bayan katanga, tsohon dillalin kasuwar dabbobi, wanda tun rasuwar ba mu wuce gaisuwa ba. Ya hango ƙafafu biyu a waje ba motsi, ya ɗauka ta Allah ta kasance. Da ya ga ina ƙifta ido, ya ce Mushe (haka yake kirana, Malam ke nan da Faransanci), in tafiyar ce in fito fili in yi ta, don shi ba ya iya ɗaga mota. Na tambaye shi me ya kai idonsa gidana. Ya ce ai kullum da safe yakan leƙo ta katanga, in ya ga na fito da kujera sannan ya tafi harkarsa. Ni ban taɓa sani ba.

Na ce tunda ya zo, ya shiga kujera. Mutumin da bai san komai ba sai raƙumi da sa, ya yi ta taka na hagu, wanda ba na birki ba, ni ina ƙasa ina buɗe kusa ba abin da ke fitowa. Ya rantse ya sayar da raƙuma masu taurin kai amma bai ga irin tsohuwar nan tawa ba. Da na nuna masa na tsakiya, ya tuɓe takalmi, ya ce ba ya aiki da abin da tafin ƙafarsa bai ji ba. Nan da nan birki ya yi tauri. Mun gwada ta har Kalfu, yana gaba, kowace gangara sai ya danna ƙafa a ƙasa ya ce shi ya tsayar da mu.

Yanzu ya bar leƙe ta katanga. Ta ƙofa yake shigowa da butar shayinsa, wai ya zo duba birkinsa.

Saboda haka, 'yata, ɗakin da kika share mini ki ba jikana Sila ya yi karatu a ciki. Ina nan Tawa tukuna. Ranar da ƙafafun nan suka daina motsi, akwai mai ja.

Ki gaishe mini da Ishaya, ki gaida Sila da 'yar auta Yabo, ki ce mata kazarta ta ƙyanƙyashe. Alƙasum ma yana gaisuwa. In kun zo Kirsimeti mu biyu za mu tarye ku a tasha.

Mahaifinki,
Haruna